Kuɗin Uwargida A Asusun Maigida: Yadda Ake Mayar Da Jarin Bashi Daga Sunan Miji Zuwa Na Mata

Duk wanda ya san rayuwa a garuruwa irin Bena, da ke ƙaramar hukumar Danko/Wasagu a masarautar Zuru, ya san cewa a gidaje da yawa babbar waya ɗaya ce, kuma a aljihun maigida take kwana. Da ita ake karɓar kuɗin masarar da aka sayar, da ita ake tura wa ɗan da ke makaranta kuɗin guzuri, kuma a cikinta ake zuba abin da uwargida ta tara daga kiwon awaki, ko sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ko kwasar adashi. Ƙarancin takardun naira da aka sha a farkon 2023 ya ƙara tura mutane zuwa manhajoji irin su OPay da PalmPay da Moniepoint, har ta kai mai PoS ya fi banki kusa da talaka.

Daga ajiya kuma sai aka fara leƙa zuba jari. Matasa da dama yanzu suna da manhajar da ke karɓar kuɗinsu ta ba wasu rance, su kuma su jira riba. A nan ne wata tambaya ke tasowa wadda ba a cika yin ta ba sai rana ta ɓaci: idan kuɗin na mata ne amma asusun na miji ne, ta yaya za a mayar mata da jarinta da sunanta? Ana iya danna wani maɓalli kawai a tura, kamar yadda ake tura kati?

Amsar a taƙaice ita ce a'a. Manhaja ba ta san aure ba, sunan da ke kan asusu kaɗai ta sani. Gyaran yana yiwuwa, amma yana da hanyoyinsa, kuma ya fi sauƙi tun kowa na raye ana zaman lafiya.

Mene ne bashin mutum-da-mutum?

Tsarin bai yi nisa da abin da iyayenmu suka saba ba. A adashi, mutanen da suka yarda da juna ne ke zuba kuɗi, uwar adashi ta riƙe lissafi, kowa ya kwasa idan layinsa ya zo. A bashin mutum-da-mutum na intanet, manhaja ce ke zaman uwar adashi. Ita ke tantance mai neman rance, ta haɗa shi da mai kuɗin da ke son bayarwa, ta karɓo biya, ta cire ladanta. Bambancin shi ne ba ka san fuskar wanda ya ci bashinka ba, kuma ba banki ba ne ya ba shi, kai ne.

Kamfanin Zopa ne ya fara wannan harka a Birtaniya a 2005, sannan irin su Prosper da LendingClub suka biyo baya a Amurka. A Najeriya, KiaKia da FINT na cikin sunayen da aka sani da wannan tsari. Akwai kuma danginsa na kusa, wato tara jari ta intanet domin noma ko ƙananan sana'o'i, wanda Hukumar Kula da Hada-hadar Hannayen Jari, SEC, ta fitar wa da ƙa'idoji a watan Janairun 2021.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, lambar da kake gani a fuskar manhaja ba tsabar kuɗi ba ce. Alƙawari ne. Idan ka ga an rubuta naira dubu 400, ma'anarsa wasu mutane suna riƙe da kuɗinka, kuma sun sa hannu a yarjejeniya cewa za su biya mai wannan asusu a rana kaza. Shi ya sa mayar da jarin zuwa wani asusu ya bambanta da tura kuɗi. Haƙƙin karɓar bashi ne ake son sauya wa mai shi, kuma hakan ba ya yiwuwa sai da sanin dandalin da ke riƙe da yarjejeniyar.

Me ya sa manhaja ba ta yarda cikin sauƙi?

Kowane asusun kuɗi a Najeriya a ɗaure yake da mutum guda. An ƙaddamar da lambar BVN a watan Fabrairun 2014, wadda ke haɗe da zanen yatsu da hoton fuska. A watan Disamban 2023 kuma Babban Bankin Najeriya, CBN, ya ba da umarnin cewa ko ƙaramin asusu na matakin farko sai an haɗa shi da BVN ko NIN, manyan asusu kuwa sai da duka biyun. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta ɗora wa cibiyoyin kuɗi nauyin sanin ainihin mai kuɗin da ke shiga da fita ta hannunsu. Saboda haka yawancin dandalolin zuba jari ba sa biyan kuɗi sai cikin asusun banki mai suna iri ɗaya da na mai jarin.

Ka duba ta ɓangarensu. Idan da za a iya kwashe jarin wani a mayar wa wani da dannawa ɗaya, to duk ɓarawon da ya fizge waya ya samu lambar sirri zai ce shi ma matarsa yake tura wa. Wahalar da ke ba ka haushi ita ce kuma ke tsare maka dukiya.

A ƙasashen da harkar ta daɗe ma ba a sake ba. A Birtaniya, dokar haraji ta yarda miji da matar da ke zaune tare su ba juna kadara ba tare da an caje su harajin riba a lokacin ba, wannan ne ma ya sa ma'aurata can ke yawan neman mayar da jari ga wanda harajinsa ya fi sauƙi a cikinsu. Duk da haka, asusun ajiya marar haraji da suke kira ISA, wanda tun watan Afrilun 2016 ake iya saka bashin mutum-da-mutum a ciki, na mutum ɗaya ne, ba a mayar da shi sunan miji ko mata muddin mai shi na raye. A Amurka kuma, ƙa'idar tara jari ta intanet da ta fara aiki a 2016 ta hana sayar da jarin kafin shekara guda, amma ta yi togiya ga wasu lokuta, ciki har da mayar wa dangi na kusa kamar miji ko mata, da kuma lokacin mutuwa ko saki. Wato can ma an gane cewa aure da mutuwa da rabuwa su ne wuraren da wannan tambaya ke fitowa.

Abin da ake iya asara

Mu ɗauki misali. Wata mata ta kwashi adashi, ta sayar da tumaki biyu, ta haɗa naira dubu 400. Ba ta da babbar waya, ba ta da BVN. Sai ta ce, "Maigida, ga wannan ka saka mini a wannan abin naku na waya, ya fi in ajiye a ɗaki." Shi kuma da zuciya ɗaya ya karɓa ya zuba a asusunsa. Babu mai niyyar cutar wani. Amma daga wannan rana, a idon manhaja da banki, kuɗin nasa ne.

Haɗari na farko shi ne gado. A shari'ar Musulunci dukiyar mace tata ce, aure ba ya haɗe ta da ta miji. Amma idan mijin ya rasu babu wata shaida, magada za su ga dubu 400 a asusunsa su lissafa ta cikin abin da ya bari. Idan yana da 'ya'ya, rabon mata tumuni ne, wato kashi ɗaya cikin takwas. Tumunin dubu 400 shi ne dubu 50. Idan kuma tana da kishiya, su biyu za su raba, ta tashi da dubu 25 daga cikin guminta. Alhali da akwai shaidar cewa amana ce ta ba shi, da an cire mata kuɗinta cif kafin a fara rabo, domin ana fitar da amana da bashi ne kafin gado. A ƙasar Zuru, inda Musulmi da Kirista da masu bin al'ada ke zaune tare, dokar gadon na iya bambanta gwargwadon irin auren da aka ɗaura, amma matsalar ɗaya ce a ko'ina: wanda ya ce kuɗin nasa ne, shi ake nema ya kawo hujja.

Na biyu shi ne bashin shi mijin. Tun ranar 1 ga Agustan 2020 CBN ya fara aiki da tsarin da ake kira GSI, wanda ya ba banki damar cire bashin da aka kasa biya daga sauran asusun da ke haɗe da BVN ɗin mai bashin, ko da a wani bankin suke. To idan maigida ya ci bashin banki don taki ko babur ya kasa biya, ranar da aka sauke jarin uwargida cikin asusunsa na banki, na'ura ba za ta tambayi na wane ne ba.

Na uku shi ne waya da layi. Yankin Danko/Wasagu ya sha fama da hare-haren 'yan bindiga a shekarun nan, iyalai da dama sun bar gida ba shiri. Waya na iya salwanta, layi na iya ɓacewa, kuma layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfanin sadarwa na iya sake sayar da shi ga wani. Idan mutum ɗaya ne kawai ya san da jarin, ya san sunan manhajar, kuma layinsa ne ke karɓar lambar OTP, to asirin na iya tafiya tare da shi.

Na huɗu shi ne saki. Ba a fata, amma yana faruwa, kuma lokacin da rai ya ɓaci ba lokacin tuna lissafin baki ba ne.

Hanyoyi uku na mayar da jarin

Kafin komai, sai matar ta samu asusu nata na kanta. Za ta yi rajistar NIN, ta yi BVN, ta mallaki layin waya da aka yi wa rajista da sunanta, sannan ta buɗe asusun banki ko na manhaja. Wanda ya manta lambarsa zai iya danna *565*0# don ganin BVN, ko *346# don ganin NIN, daga layin da ya yi rajista da shi, ana cire ɗan kuɗi kaɗan. A tabbata sunan da ke kan NIN da BVN da asusun banki ya zo iri ɗaya. Bambancin harafi tsakanin Hauwa da Hauwa'u, ko saka sunan miji a wani wuri da sunan uba a wani, ya isa ya tsayar da biya.

Hanya ta farko, wadda ta fi sauƙi, ita ce a jira bashin ya nuna. A shiga saitin manhaja a kashe tsarin da ke sake ba da rancen kuɗi da kansa duk lokacin da aka biya, don kada kuɗin su sake fita ba a sani ba. Duk wanda ya biya, sai maigida ya sauke kuɗin zuwa bankinsa, ya tura wa matarsa ta banki, ya rubuta bayani a gurbin da aka tanada, misali "mayar da kuɗin jarinki". Ita kuma sai ta zuba a nata asusun idan tana so. Wannan hanya na cin lokaci, amma ba a asarar komai sai ɗan kuɗin tura kuɗi, kuma tana barin sawu a takardar bayanan banki. A guji cire tsabar kuɗi a wurin mai PoS a miƙa hannu da hannu, domin hakan ba ya barin shaida.

Hanya ta biyu ita ce sayarwa, idan dandalin yana da kasuwar da masu jari ke sayar wa juna bashin da bai nuna ba. A nan akwai abu biyu da za a lura. Da farko, a dandaloli da yawa na'ura ce ke zaɓar mai saye, don haka ba lallai matarka ce za ta samu abin da ka saka a kasuwa ba. Sannan akan yi ragi ko a cire lada. Idan, alal misali, saura dubu 150 a hannun masu bashi kuma aka yi ragin kashi 3 cikin ɗari, dubu 145 da 500 za a samu. Bashin da mai shi ya fara jinkirin biya kuwa da wuya ya samu mai saye. Kuma ita kanta kasuwar na iya rufewa. Kamfanin Funding Circle na Birtaniya ya dakatar da tasa a watan Afrilun 2020 lokacin annobar korona, masu jari suka koma jiran biya kaɗan-kaɗan.

Hanya ta uku ita ce neman dandalin ya sauya sunan mai haƙƙin bashin kai tsaye. A buɗe shafin sharuɗɗan da aka amince da su ranar rajista, a nemi inda aka yi maganar mayar da haƙƙi ga wani. Wasu sun hana gaba ɗaya, wasu sun ce sai da izininsu a rubuce. Idan akwai dama, a rubuta musu ta adireshin imel ɗinsu na hukuma ko ta cikin manhajar, kada a bi lambar WhatsApp da aka tsinta a ƙarƙashin wani rubutu a Facebook. Abin da akan nema shi ne takardar buƙata da sa hannun mutum biyun, katin shaidar kowa, da shaidar aure ko rantsuwar kotu. A ajiye hoton duk amsar da suka bayar.

Akwai hanya ta huɗu da mutane suka fi bi, wato maigida ya ba uwargida lambar sirrinsa ya ce ai shi ke nan. Wannan ba mayarwa ba ce. Asusun na nan da sunansa, kuɗin bankinsa za su sauka, kuma yawancin sharuɗɗa sun hana ba wani lambar sirri. Idan kuma ta shiga ta kwashe kuɗi bayan rasuwarsa, ko da haƙƙinta ne, ta buɗe wa kanta ƙofar zargi a wurin sauran magada.

Rubutu ya fi baki

Ko wace hanya aka bi, kafin a kammala a rubuta takarda tun yau. Ba sai an nemi lauya ba. Shafi ɗaya ya isa: kwanan wata, sunan manhaja, adadin kuɗin, na wane ne, da sa hannun miji da mata da shaidu biyu, zai fi kyau ɗaya daga danginta ɗaya daga nasa. A ɗauki hotonta a ajiye a imel ko Google Drive, yadda ko waya ta ɓata takardar na nan.

A kuma fayyace abu guda: mayar da amana ake yi ko kyauta? Idan kuɗin na maigida ne yake son ya ba matarsa, maganar ta sauya. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na Arewa ke bi, kyauta ba ta kammala sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa, kuma idan mai kyautar ya rasu kafin haka, abin na komawa cikin gado. Cewa "na ba ki abin da ke cikin manhajar nan" alhali yana nan da sunanka da lambar sirrinka abu ne da magada za su iya ja. Mai mata fiye da ɗaya kuma yana da batun adalci da ya kamata ya zauna da malami a kai.

Kada gurbin makusancin dangi da ake cikewa wajen rajista ya ruɗe ka. Rubuta sunan matarka a wurin yana nufin ita za a tuntuɓa idan wani abu ya faru, bai mayar da ita mai kuɗin ba. Cibiyoyin kuɗi kan nemi takardar shaidar mutuwa da takardar kotu kafin su saki dukiyar mamaci.

Kafin a sake zubawa

Ranar da kuɗin suka sauka a asusun uwargida, dama ce ta tsayawa a sake tunani, domin yanzu shawarar tata ce. Shin tana son komawa wannan harka?

Hukumar inshorar ajiya, NDIC, ta ɗaga kariyarta a 2024 zuwa naira miliyan 5 ga mai ajiya a bankin kasuwanci da miliyan 2 a ƙaramin banki. Amma wannan kariya ta kuɗin ajiya ce. Bashin da ka bayar ta manhaja, idan mai shi ya gudu ko kamfanin ya durƙushe, ba ya ciki. Ƙa'idojin SEC na 2021 ma sun taƙaita abin da ƙaramin mai jari zai zuba a tara jari ta intanet zuwa kashi 10 cikin ɗari na abin da yake samu a shekara, alamar cewa hukumar kanta ba ta ɗauki harkar a matsayin wurin zuba duk abin da aka mallaka ba. Manyan da suka faro ta ma sun ja da baya: LendingClub ya daina karɓar ƙananan masu jari a ƙarshen 2020, Zopa ya rufe wannan sashe a ƙarshen 2021 ya koma aikin banki.

Sai batun 'yan damfara masu fakewa da sunan ba da rance ko zuba jari. Mutane ba su manta MMM ba, wadda ta daskarar da kuɗin jama'a a watan Disamban 2016, ga kuma CBEX da ta rushe a watan Afrilun 2025. Sabuwar dokar zuba jari da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ta tanadi ɗauri da tara mai nauyi ga masu irin wannan tsari, amma ɗaure mai laifi ba ya dawo da kuɗin tumaki. A duba sunan kamfani a shafin SEC, a duba jerin manhajojin ba da rance da hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta amince da su. Duk wanda ya yi alƙawarin ninka kuɗi cikin wata guda, ko ya ce sai ka kawo mutane, a ba shi hanya.

Ga wadda ke gudun riba ta kuɗin ruwa, yawancin bashin mutum-da-mutum a kan ruwa aka gina shi, don haka a tambaya kafin a shiga. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa kamar Jaiz da TAJBank da Lotus, akwai kuma Sukuk na gwamnatin tarayya da aka fara fitarwa a 2017. Wata kuma za ta ga gara ta koma abin da ta sani, ta sayi buhunan masara da kaka ta ajiye zuwa bazara, ko ta ƙara awaki a garke.

Kai matashi mai riƙe da wayar gida, wataƙila ba kuɗin matarka kaɗai ke cikin asusunka ba, har da na mahaifiya da na ƙanwa. Buɗe manhajar a daren nan ka lissafa nawa ne naka, nawa ne na amana. Ka rubuta, ka sa a shaida, sannan ranar kasuwa mai zuwa ka raka mai kuɗin ta fara neman NIN da layinta.